Wutar da Ta Hana Sitoka Hawan Arfa

A duk unguwar Sa'alaba babu wanda bai san Na'ibi Sitoka ba, kuma kowa ya sani, in kana son ganin ɓacin ransa, to ka ce masa Alhaji. A Jidda fa! Garin da ko ɗan dako za ka kira, "ya hajji" kake cewa ya waiwayo. Shi kuwa sai ya yi kamar da bango kake magana. In ka matsa masa ya ɗago kai ya ce, "Ɗan'uwa, kada ka rataya mini rigar da ba tawa ba." Gaskiyarsa ce kuwa, don Na'ibi bai taɓa hawan Arfa ba.

Matarsa Sauda ita abin ya fi ci wa rai. Haifaffiyar Jidda ce, kakanta ne ya zo da ƙafa daga ƙasar Katsina bai koma ba. Ta sauke farali tun tana budurwa, ta maimaita, ta sake maimaitawa. Amma mijinta, mutumin da ya baro garinsu tun gemunsa bai tsiro ba don wannan niyya guda, ga shi furfura ta cinye masa kai bai je ba. Makka kuwa ga ta nan, motar da ta tashi da hantsi kafin azahar ta isa. Umara kam ya yi ta ba adadi. To amma ganin Dala ba shiga birni ba ne, kuma Sauda ba ta gajiya da gaya masa haka.

Yadda abin ya faro, yana saurayi ya iso bakin teku ta wajen Sudan, guzuri ya ƙare ƙaf. Sai ya ji wani jirgin ruwan alhazai na neman ƙarti. Ya ce to, in yi musu aiki su tsallakar da ni. Suka gangara da shi can cikin cikin jirgi, inda babu rana babu iska sai kwal da garwashi, suka damƙa masa shebur. Da jirgi ya iso Jidda alhazai suka sauka, ma'aikata Musulmi kowa ya zaro haraminsa. Sai dai ba a kashe wutar jirgi don ya tsaya. Lulluɓe ta ake yi da toka ta yi barci, a bar mutum guda yana gadinta har alhazai su dawo. Wani dattijo mutumin Jawa ya kama hannun Na'ibi yana hawaye, ya ce shi ya tsufa, kai kuwa yaro ne, baɗi tana nan. Na'ibi ya ce, "Je ka, baba." Baɗi ta zo, wani ya zo da nasa hawayen. Kai, mutumin nan ya tsallakar da alhazan da Allah kaɗai ya san yawansu, shi kuwa kullum yana gindin wuta yana jin talbiyarsu na nisa.

Da jirage suka bar kwal suka koma mai, sai aka sallame shi. Ya sauka Jidda, ya sami aiki a furun ɗin unguwar, wato babbar tandar gurasa ta gidan su Abdulghani, wadda ake hura wa wuta da itace ta wata ƙofar ƙarfe a baya. A nan ya auri Sauda tana bazawara. Ta ce a ranta, alhamdu lillahi, tunda ya taka ƙasa ai bana sai Arfa. Ina! Hali zanen dutse. Duk shekara in watan Zulhajji ya kama, masu murza ƙullun gurasa da masu ɗaukar faranti kowa sai ya ɗaura harami, Na'ibi ya ce, "Ku je, ni baɗi."

Sunan Sitoka kuwa daga jirgi ya taho da shi, yana ji da shi kamar sarauta. Duk sabon mai sayen gurasar da ya yi kuskuren tambaya, to ya ja wa kansa zama.

"Ba zagi ba ne," in ji shi, yana share gumi. "Wani injiniya mutumin Holanda ne ya warware mini ita, yana bugun ƙirji. Ya ce kalmar tasu ce, Turawan Ingila aro suka yi ba su mayar ba. A bakin kakanninsa asalinta tsokana ce da sanda, ka soka, ka tona. Sai suka kira mai tona wutar tukunya sitoka. Da mutanen Ingila suka ɗauki sunan, suka gutsure masa wutsiya, suka ce aikin kuma sitok ne. Ka ga ke nan sai da aka san mutumin sannan aka raɗa wa aikin suna. Yanzu har in wani ya zuga mutane su yi faɗa, sai su ce ya yi sitok. In ya cika tumbinsa kafin tafiya, shi ma sitok."

Sauda, wadda ta ji labarin nan har ta haddace, sai ta dire kwanon abincinsa ta ce, "Mu ma ai muna da iza wuta, ba mu yi wa kowa gori ba. Yalla, Malam, yi sitok ɗin da tuwon nan kafin ya huce."

Ya yi dariya ya wanke hannu. Amma kafin ya kai loma sai ya ƙarasa, don ba ya barin maganar a rabi. "Mai kunna wuta daban, mai ƙona itace daban. Sitoka shi ne wanda wuta ba ta mutuwa a hannunsa, kuma ba ya juya mata baya sai wani ya karɓa." A jirgi, in ji shi, ko kana zubar da jini ba ka ajiye ƙarfe sai mai canjinka ya zo. Ka ce masa, "Ga wuta, da ranta." Ya duba, ya gamsu, ya ce, "Na karɓa, da ranta." Sannan ka tafi. Wannan al'ada ya kawo furun, har yaran unguwa suna kwaikwayonsa da ita a wajen wasa.

Duk da mitar da Sauda take yi, Allah ya sani tana son kallon mutumin nan a bakin aikinsa. Takan kawo abinci ta ce sauri take yi, sai ta zauna a kan buhun gari har ya gama ci, har ya koma. Ba ya gaggawa, ba ya kuma zama. Ya fara zura dogon ƙarfen ta ƙasa ya zazzage toka, ya dakata, ya karkata kai kamar mai sauraron gaisuwa daga nesa, sannan ya ɗauki itace biyu ko uku ya jera a gefe, ba a tsakiya ba. Hannayensa daga wuyan hannu zuwa gwiwa duk tabon ƙuna ne, na leɓen ƙofar ƙarfe, sabo kan tsoho. Gurasar Sa'alaba ba ta taɓa fitowa ɗanya ba, ba ta taɓa fitowa baƙa ba. Mata kan aiko da farantan nama da na kifi a gasa musu, mai sayar da ful, wato dafaffen wake, kan binne tulunsa a tokar Na'ibi, kowa ya ɗauki abinsa yadda yake so.

To, shekarar da ake magana, jiki ya fara gaya masa. Idanun da suka sha kallon garwashi suka yi hazo, har sai mutum ya yi magana yake gane shi. Ƙirjin da ya sha ƙurar kwal ya fara kuka. Daga gida zuwa masallaci, tafiyar da ba ta kai a kira ta tafiya ba, sai ya tsaya ya dafa bango ya yi kamar takalminsa yake gyarawa. Sauda tana gani ta tagar ɗaki. Ta san in bana ta wuce, babu wata baɗi. Ƙafafun nan ba za su sake iya Mina da Arfa ba, ko da ran yana nan.

Sai ta tashi tsaye. Ta je har unguwar Nuzla ta kamo Yahya, ɗan yayarta, magidanci mai ƙarfi, ta zaunar da shi ta sa ya yi alkawarin zai riƙe wutar kwanakin hajji. Yahya ya yi ta zuwa yana koyo har Na'ibi ya ce ba laifi. Ta sami Salihu mai lori, abokin Na'ibi tun zamanin tashar jirgi, ya ce wurin zama biyu na gaba nasu ne. Ta buɗe tsohuwar akwatin ƙarfe ta fito da haramin da ya saya tun yana saurayi, duk linkin ya yi ja, ta wanke ta shanya. Ita ma ta shirya nata kayan, don ta riga ta ƙudura ita za ta riƙe masa hannu, ita za ta gaya masa ga dutsen Arfa can, tunda idonsa ba zai hango ba. Ta daɗe tana wannan mafarki, ba ta gaya wa kowa ba.

Shi kuwa bai nuna mata ɗoki ba. Amma tun da watan ya kama, in tana shara a tsakar gida sai ta ji shi a bayan ƙyaure yana maimaita "Labbaika" a hankali, yana gyara harafi, kamar mai tsoron a kama shi. Ranar bakwai ga wata ya yanke farce, ya rage gashin baki. Sauda ta gani ta kau da kai, don kada ya ga idonta.

Ranar takwas da hantsi, tana ɗaure ƙullin guzuri, sai ga maƙwabciyarta Madina ta faɗo gidan ko sallama ba ta ƙarasa ba.

"Sauda, kin ji? Yahya ya tafi! Wani mai kula da alhazai ya kwashe shi da wasu ƙarti jiya zuwa Mina kafa tantuna. Matarsa ce ta aiko, wai a ba ku haƙuri."

Sauda ta saki ƙullin. "Haƙuri? Haƙurin me? Amma Yahya an yi ɗan banza! Ni na goya shi fa!" Ta figi mayafi ta fita, Madina na biye da ƙullin a hannu.

A bayan furun suka tarar da Na'ibi a inda yake kullum, da tsohuwar rigar aikinsa, ƙarfe a hannu. Labari ya riga su isowa. Abdulghani mai furun yana tsaye a kansa, ya riga ya ɗaura harami, yana ta magiya.

"Ya ammi, baffana, halas, ya isa haka, kashe wutar! Ni mai furun na ce ka kashe ta. Wallahil azim na yafe. In mun dawo a sake hurawa."

Na'ibi ya girgiza kai. "Abdulghani, tandar nan ta girme ka. Tun zamanin mahaifinka ba ta huce ba. In ta yi sanyi yau, rufinta zai tsage, kai ma ka sani."

"Ta tsage! In gina wata."

"To ka gina. Su kuma waɗanda ba su tafi ba fa? Tsofaffi, da masu jego, da marasa lafiya, da yara. Ranar Salla su gasa namansu a ina? Gurasar safe wa zai ba su?" Ya zura ƙarfe ya zazzage toka. "Ku je, Allah ya karɓa. Ni baɗi."

Wannan kalma ita ta tunzura Sauda. Ta matso har zafin ƙofar na dukan fuskarta.

"Baɗi? Wace baɗin, Malam? Ka ɗauka ban ga kana dafa bango ba? Ka ɗauka kurma ce ni, ba na jin ƙirjinka? Tun kana yaro kake rabon baɗinka kamar goro, ka ba na Jawa, ka ba na Hindu, ka ba duk wanda ya matso hawaye. Ta ƙare! Babu saura! Wutar nan ce za ta tsaya maka a Arfa?"

"Allah ya san niyyata, Sauda."

"Ya sani mana. Ni ma na sani, na ji ka a bayan ƙyaure."

Ya riƙe ƙarfen da hannu biyu. Daga bakin titi Salihu ya danna ƙahon lori, mutanen da ke bayan motar suna ta ɗaga murya da talbiya. Na'ibi ya karkata kai wajen sautin, irin karkatawar da yake yi wa wuta, sai Sauda ta ga leɓensa na motsi yana bin su. Nan tausayinsa ya kama ta, fushin ya zube. Ta gane mutumin nan ba taurin kai yake yi ba. In aka ɗauke shi da ƙarfi aka bar wuta ba mai ita, jikinsa ne kawai zai je Arfa.

Ta dubi ƙullin guzurin da Madina ta biyo ta da shi. Ta tuna dutsen da ta ce za ta nuna masa. Ta cire mayafi ta ɗaure shi tamau a ƙugu, ta miƙa hannu.

"Ba ni ƙarfen."

Abdulghani ya zaro ido. "Ya khala, inna, aib, abin kunya ne! Mace a gindin furun? Me mutane za su ce?"

Madina ta riga Sauda amsawa. "Waɗanne mutanen, ya Abdulghani? In kun tafi wa ya rage a garin in ba mu ba? Kullum ku ɗaura harami ku bar mana gari, mu yi gadi, mu yi jinya, mu yi wankan gawa in ta kama, sai wuta ce aib?" Abdulghani ya kau da kai, ya gyara haraminsa.

Na'ibi bai miƙa ƙarfen ba. Ya ce, "Sauda, wannan ba murhun tuwo ba ne."

"Na sani. Zama da maɗaukin kanwa ai shi ke kawo farin kai. Shekara nawa ina zaune a kan buhun can?"

"Ke fa? Ba ke za ki riƙe mini hannu ba?"

"Salihu na da hannu," in ji ta, a gajarce, don in ta tsawaita za ta yi kuka.

Ya ja da baya. "To ba wutar abinci in saurara."

Sauda ta karɓi ƙarfen, ta ji nauyinsa ya fi yadda take zato. Ga ƙahon Salihu na ƙara tashi, ga idon Abdulghani a kanta, sai gaggawa ta ɗebe ta. Ta rungumo itace ta tura shi gaba ɗaya tsakiyar wuta, yadda mace ke yi in baƙi sun iso tukunya ba ta tafasa ba. Wutar ta yi wani gurnani ta dushe. Hayaƙi baƙi ƙirin ya turnuƙo ta ƙofa, Madina ta hau tari, Abdulghani ya ja da baya yana kare fararen kayansa.

"Kin ɗura mata," in ji Na'ibi, ba da faɗa ba. "Kamar yadda ake ɗura wa yaro magani a toshe masa hanci. Kawo ƙarfen, Sauda. Kin yi ƙoƙari, Allah ya yi miki albarka. Ce wa Salihu ya tafi."

Ya miƙo hannu. Ta ga hannun, ta ga tabon da ke jikinsa, ta ga farcen da ya yanke jiya. Ta ƙanƙame ƙarfen.

"Ban ce ga wuta ba tukuna. Ko dokar taka ta canza?"

Ya janye hannunsa.

Ta share hawayen hayaƙi da gefen zane. Ta manta da ƙaho, ta manta da Abdulghani. Ta janyo itacen da ta tula ɗaya bayan ɗaya, ta ture su gefe. Ta durƙusa ta zura ƙarfe ta ƙasa, ta zazzage tokar da ta toshe hanyar iska, a hankali, kamar yadda ta ga ana yi tun tana amarya. Sannan ta yi abin da ya fi komai yi mata wuya a duniya, wato ta yi shiru ta jira. Da farko ba ta ji komai ba sai bugun zuciyarta. Can sai ta ji wani siririn sauti daga ciki, kamar numfashin mai barci. Hayaƙin ya fara yin fari, ya sirance. Garwashin ya buɗe ido. Ta ɗauki itace biyu ta jera a dama, ɗaya a hagu, ta bar tsakiya fili. Da ta zo janye hannu leɓen ƙofar ya lashe ta a damtse, ta cije baki ba ta yi ƙara ba.

Na'ibi yana tsaye, ido rufe, kai a karkace. Wutar ta kama sabon itacen ta miƙe, tana wannan ruri mai daɗi da duk Sa'alaba ta sani.

"Ta yi numfashi," in ji shi. Ya gyara tsayuwa kamar yana gaban babban injiniya, ya ce, "Ga wuta, da ranta."

"Na karɓa, da ranta," in ji Sauda. "Yalla, tafi, kafin in canza ra'ayi."

Abdulghani da kansa ya kama shi ya kai shi gida ya yi wanka ya ɗaura harami. Sauda ba ta raka shi bakin mota ba, don ba ta da wanda za ta bar wa wuta. Daga inda take ta ji lorin ya tashi, ta ji talbiya na nisa, a cikin muryoyin kuma ta tsinkayi wata tsohuwar murya mai kukan ƙirji ta fi ta kowa tashi. Nan ta zauna a kan buhun gari ta yi kukanta mai isarta, sannan ta tashi ta zazzage toka.

Kwanakin nan Sa'alaba ta ga abin da ba ta taɓa gani ba. Madina ta bi gida gida ta tattaro mata, aka raba aiki. Masu murza ƙullu suna gaba, masu jera gurasa suna tsakiya, wuta kuwa Sauda da Madina ke karɓeɓeniya, kuma ba a taɓa miƙa ƙarfe ba tare da an faɗi kalmomin nan ba, ko da dariya ce ke cin su. Gurasar ranar farko, a faɗi gaskiya, rabi ta ƙone, tsofaffin unguwa suka ci suna tsiya. Ta biyu ta yi dama dama. Ranar Arfa da la'asar, lokacin da ta san alhazai na tsaye hannu a sama, Sauda na durƙushe gaban ƙofar ƙarfe, gumi na zuba, tana cewa, "Ya Allah, ka riƙe masa ƙafafunsa har rana ta faɗi." Sai a ranar ta san abin da mutumin nan ya yi ta haɗiyewa duk shekarun nan, yana jin garin ya yi tsit, kowa na can, shi yana nan. Girmansa ya ƙaru a idonta har ta ji kunyar mitar da ta sha yi masa. Ranar Salla farantan nama suka yi layi har bakin titi, babu wanda ya koma ɗanye.

Da aka gama jifa motoci suka fara dawowa. Duk lorin da ya tsaya sai Sauda ta kasa kunne, ta ji ba shi ba ne. Ba ta iya fita dubawa, ga wuta. Ran nan da yamma, tana durƙushe tana tona toka, sai hasken ƙofar baya ya ragu. Ta waiwaya. Salihu ne, yana riƙe da wani tsoho siriri, kai a aske ƙwal, fuska ta yi baƙi da rana, leɓe duk ya tsage. Ko gida ba su biya ba.

"Ya tsaya?" Abin da ya fara fita daga bakinta ke nan, ko sannu da zuwa babu.

"Ya tsaya," in ji Salihu. "Na ce ya zauna ya ƙi. Tun azahar har rana ta faɗi yana kan ƙafafunsa. Ni da nake da lafiya sai da na zauna."

Na'ibi ya saki hannun Salihu, ya tako a hankali, ya tsaya, ya karkata kai. Sauda ta riƙe numfashi.

"Gefen hagu na jin yunwa," in ji shi.

"Ji mutum! Daga dawowarka? Yanzu nake shirin ba ta."

Ya yi murmushi. Ya lalubo hannunta, wai zai karɓi ƙarfen, sai yatsunsa suka sauka a damtsenta. Ya tsaya. Ya bi wurin a hankali, ƙuna ta farko da ta fara bushewa, da ta biyu, da wata sabuwa kusa da gwiwar hannu wadda ko ɓawo ba ta yi ba. Ya san kowace, ya san kuma inda leɓen ƙofar yake kama mutum. Hawaye ya gangaro ta cikin hazon idonsa.

"Sitoka," in ji shi.

Sauda ta ji sunan ya sauka a kanta. Madina da sauran matan sun taru a bakin ƙofa, hannu duk gari, ba mai motsi. Ta miƙe tsaye, ta gyara ɗaurin ƙugunta, ta riƙe ƙarfen da hannu biyu ta miƙa masa.

"Alhaji," ta ce.

Tsohon ya ɗago kai.

"Na'am," in ji Na'ibi.

"Ga wuta, da ranta."

"Na karɓa," ya ce, ya kama ƙarfen. "Da ranta."